Ƙuri'a a Yamai, Takaba a Mayahi

Ranar Juma'a 22 ga Afrilu 2022, ana cikin azumi, 'yan majalisar dokokin Nijar suka wuni suna ka-ce-na-ce a zaurensu na Yamai kan magana guda. Firaminista Ouhoumoudou Mahamadou ne ya zo da ita: gwamnati na son a sahale mata ta karɓi ƙarin sojojin waje, musamman na Faransa da abokanta na Turai da ke naɗe tabarmarsu daga Mali. Seini Oumarou na kan kujerar shugaban majalisa. Da aka ƙirga ƙuri'u, 131 suka amince, 31 suka ƙi. Cikin masu jefa ƙuri'ar har da depitocin jihar Maraɗi, waɗanda mutanen Tasawa da Mayahi suka yi wa layi cikin hunturun Disamban 2020.

Abin da aka ƙulla ran nan bai yi ƙarko ba. Bayan wata 15, ranar 26 ga Yuli 2023, sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, majalisar ma ta bi shi. Kafin shekarar ta fita, ranar 22 ga Disamba, na ƙarshe cikin sojojin Faransa kimanin 1,500 ya hau jirgi. Amurkawa suka miƙa sansaninsu na jirage marasa matuƙi da ke Agadas a farkon Agustan 2024, bayan sun narka masa sama da dalar Amurka miliyan 100, Jamusawa kuma suka fice a ƙarshen watan. Ranar 16 ga Maris 2024, da kakakin gwamnatin soja Kanar Amadou Abdramane ke karanta sanarwar soke yarjejeniya da Amurka, ɗaya daga cikin hujjojinsa ita ce ba a tuntuɓi jama'a ta bakin wakilan da suka zaɓa ba. Hujjar tana da tushe, ƙungiyoyin farar hula sun daɗe suna faɗinta, domin tsarin mulkin 2010 ya ce yarjejeniyar tsaro ba ta tabbata sai da dokar majalisa. Sai dai a daren da ake karanta ta, babu depite ko ɗaya da ya rage a kan kujera.

Baƙin sun zo, sun tafi. Waɗanda ba su je ko'ina ba suna cikin gidajen ƙasa na Urafan da Kanambakashe: tsohuwar da ke jiran wayar ɗanta daga Tilaberi, da yarinyar da ta shiga takaba tun ba ta yaye ɗan fari ba. Kowane jawabin ɗan siyasa sai ya ambace su. Idan aka zo aikin da zai taɓa rayuwarsu kuwa, sai ka nemi masu jawabin ka rasa.

Ƙasar da ke ba da 'ya'ya

Tasawa tana kan babbar kwaltar da ta taso daga Yamai ta nufi Difa, kusan tsakiyar tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram. Duk ayarin sojan da zai bi ƙasa zuwa bakin tafkin Cadi ta nan zai ratsa: ya baro Gazawa, ya shiga Tasawa, ya fita ta Mai Jirgi. Tun Fabrairun 2015, lokacin da Boko Haram ta afka wa Bosso da Difa, majalisa kuma ta amince baki ɗaya a tura sojoji cikin Najeriya, masu shayi da masu tsire na bakin hanya suka saba da ganin motocin suna yin gabas. Mayahi kuwa tana gefe da wannan kwalta, can arewa a bakin Gulbin Kaba, ƙasar rairayi ta gero da wake. A ƙidayar 2012 kowace gunduma cikin biyun ta haura mutum rabin miliyan, jihar Maraɗi kuma tana cikin wuraren da aka fi haihuwa a duniya. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne jere suke kallonta.

Mutanen nan ba yau suka fara ganin soja ba, kuma ganin farko bai yi daɗi ba. A Yulin 1899 ayarin Kyaftin Voulet da Chanoine, wanda ya riga ya gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu ya kuma yi wa Birnin Ƙonni kisan gilla, ya iso ƙasar Tasawa yana ƙona garuruwa. Faransa ta turo Kanar Klobb ya taka musu birki. Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu bakin bindiga, kaburburan biyun suna nan Mai Jirgi. Daga baya 'ya'yan waɗanda aka ƙona wa rumbuna aka riƙa ɗiba ta hannun sarakuna ana kai su yaƙe-yaƙen Faransa. Waɗanda suka dawo da rai, dokar 1959 ta tsayar da fanshonsu wuri ɗaya, ba a daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai 2011, lokacin da ƙasa ta riga ta rufe idon mafi yawansu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda maganar sansanin Faransa ke saurin tayar da jijiyar wuya a nan ba.

Duk da haka samari ba su guji kaki ba. Saurayin da ya taso a Isawan ko Korgom, idan an gama girbi, hanyoyinsa sanannu ne: cin rani a Kano ko Legas, Libiya ko Aljeriya, ramin zinariya a Jado, ko kuma aikin ɗamara. Na ƙarshen nan ya ɗara sauran da abu ɗaya, wato albashi mai zuwa ƙarshen wata, ko damina ta yi kyau ko ta ƙi. A ƙarshen 2020 ministan tsaro Issoufou Katambé ya shaida wa depitoci cewa za a ninka rundunar daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Wannan ƙarin ba daga unguwannin masu hali na Yamai zai fito ba. Daga irin waɗannan garuruwa ne.

Albashin ƙaramin soja kuwa ba nasa ba ne shi kaɗai. Yana shiga, sai ya bi ta Nita ko Al Izza ya sauka ƙauye: buhun gero idan rumbu ya yi ƙasa, kuɗin magani, kayan lakwal na ƙanne, gudummawar biki da suna. A lissafin ofis, iyalin soja su ne matarsa da 'ya'yansa. A lissafin Gidan Amumun, sai ka sa uwa da uba da ƙanne, wani lokaci har da matar wansa da ya tafi Libiya aka daina jin ɗuriyarsa. Muddin sojan na raye, lissafin biyu ba sa karo. Ranar da ya faɗi suke haɗuwa.

Depiten wa?

A Amurka, ɗan majalisar da ke da sansanin soja a mazaɓarsa yana tsaronsa kamar gonar gado. Sansanin ne ke ɗaukar ma'aikata, sojoji da matansu ne ke hayar gidaje da sayen kaya, kuma su ne masu ƙuri'a. Abin ya kai sai da aka ƙirƙiro kwamiti na musamman da ke jera sansanonin da za a rufe, majalisa ta karɓi jerin gaba ɗaya ko ta ƙi shi gaba ɗaya, don kada kowa ya tsame nasa. An yi hakan a 1988, 1991, 1993, 1995 da 2005. Tun daga nan 'yan majalisar suka ƙi yarda a sake.

Nijar ta taɓa ganin yadda wannan tsari ke aiki, a kan ƙasarta. Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi wa ayarin haɗin gwiwa kwanton ɓauna a Tongo Tongo, sojojin Amurka huɗu suka mutu tare da abokan tafiyarsu 'yan Nijar. Ɗaya daga cikin huɗun, Saje La David Johnson, ɗan mazaɓar wata 'yar majalisa ce daga Fulorida, Frederica Wilson, wadda ta san shi tun yana yaro. Tana cikin mota tare da matarsa lokacin da Shugaba Trump ya kira gaisuwar mutuwa, ita ce kuma ta fito ta ce kalamansa sun ƙara wa matar ciwo. Rigimar ta cika duniya, 'yan majalisa suka matsa wa ma'aikatar tsaro lamba ta bayyana abin da ya faru, wasu manyan sanatoci ma suka amsa cewa ba su san yawan sojojinsu da ke Nijar ba. Iyalin duk sojan Amurka da ya mutu a bakin aiki ana ba su dalar Amurka 100,000 nan da nan, kafin a zo maganar inshora da fansho. 'Yan Nijar da suka faɗi a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, ko a Yamai 'yan kaɗan ne za su iya kawo maka sunayensu.

Ba don 'yan majalisar can sun fi namu tausayi ba ne. Tsarinsu ya ɗaure kowane ɗaya da yanki guda, mutanen yankin ne ke kawo shi, su ne ke kayar da shi. Majalisar Nijar mai kujeru 171, wadda aka rushe a 2023, ba haka aka gina ta ba. A wancan tsarin, kujeru 158 ana raba su ne bisa jerin sunayen jam'iyyu a matakin jiha, 8 na mazaɓu ne na musamman irin Bermo, 5 na mazauna waje. A takardar ƙuri'a babu depiten Tasawa, babu na Mayahi. Jam'iyya ake dangwala wa, ita ke jera sunaye. Jam'iyyu sukan tsara jerin yadda kowace gunduma za ta ga nata, shi ya sa a baki ake cewa "depitenmu", amma wanda ya ɗora sunansa a sama ko ya tura shi ƙasa yana Yamai. A rana irin ta 22 ga Afrilu, kunnen depite na wajen mai jerin.

Saboda haka goyon bayan depite ga soja ya ɗauki siffar da kowa ya sani, wato ziyara. A je bariki ko asibiti gab da salla da buhunan shinkafa da sukari da jarkokin mai, a yi hoto, a yi fatiha, gidan rediyo ya ɗauka. Ban raina wannan ba. Gidan da babu, buhu guda ma abin godiya ne. Amma ɗan kasuwa ma zai iya, alhazan Maraɗi kuwa sun fi kowane depite iyawa. Abin da depite ke riƙe da shi a lokacin, wanda attajiri ba shi da shi, daban ne: shi ke amincewa da kasafin kuɗi, shi ke da ikon kiran minista ya titsiye shi a bainar jama'a, yana iya neman kwamitin bincike, kuma ta gabansa ake bi duk wata uku a sabunta dokar ta-ɓaci a Difa da sassan Tilaberi da Tawa.

Bayan an karanta sanarwa

Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe sojoji 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Cikin wata guda gidaje 160 suka shimfiɗa tabarmin makoki. An binne na Inates a sansanin sojan sama na 101 da ke Yamai, gawawwaki jere lulluɓe da tuta, Shugaba Mahamadou Issoufou na tsaye. Bayan Shinagodar aka sauya hafsan hafsoshi, aka naɗa Janar Salifou Modi. Wannan shi ne abin da talabijin ya nuna.

Daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne. Idan soja ya kwanta can ko a fagen daga, uwarsa ba ta ga likkafani ba, ba ta san kabari ba. Abin da ke iso mata waya ce, ko jandarma da mai gari a ƙofar gida. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, baƙi su watse. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ko har ta sauka idan da juna biyu.

Takaba zaman gida ce. Takardu kuwa tafiya suke so. Kafin a biya magada ko sisi, sai an haɗa dosiye: shaidar mutuwa, takardar aure, takardar haihuwar kowane yaro, takardar taron dangi da ke nuna wanda aka wakilta, da takardar magada daga kotu. To, auren ƙauye a zaure aka ɗaura shi, gaban liman da waliyyai da shaidu, aka biya sadaki aka raba goro. A addini ya cika cif. A ofishin ƙaramar hukuma babu shi. Yaran da aka haifa a ɗaki ba a yi musu rajista cikin wa'adi ba, sai alƙali ya yi hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Ke nan a tashi daga ƙauye zuwa kotun Tasawa ko ta Mayahi da shaidu, a biya musu mota, a ciyar da su, wani lokaci a tarar ba ranar zama ba ce a sake dawowa. Idan sunan uba a wata takarda Issoufou ne a wata kuma Youssouf, an koma farko. Bayan duk wannan ne dosiye zai kama hanyar Yamai, inda manyan ofisoshin runduna da asusun fansho na CARENI suke.

Wa zai bi sawunsa? Mace mai takaba, wadda wataƙila ba ta taɓa shiga lakwal ba, takardun kuma duk da Faransanci? Dole a wakilta namiji, wan mamaci ko baffansa. Da yawa suna riƙe amana, har su ci bashi don zirga-zirgar. Amma kuɗi hannun mai sa hannu suke shiga, kuma nan ne lissafin nan biyu ke karo. A rabon gado na shari'a, mace tana da tumuni idan akwai 'ya'ya, idan matan sun fi ɗaya su raba shi, uwa da uba kowanne yana da sudusi, saura na 'ya'ya. Dokar fansho tana da nata ma'auni, mata da marayu take fara kallo. Sai dangin miji su ce duk abin da ya fito gado ne a kasa shi, matar ta ce haƙƙin marayu ne a bar musu. Ta gama takaba ta koma gidansu, a yi ta jan yaran tsakanin gida biyu domin kuɗin na bin inda suke. Tsohuwar da ta sayar da awakinta ta yi masa guzurin zuwa wurin ɗauka tana iya tashi a tutar babu. Ba mugunta ce ke haddasa mafi yawan wannan ba. Gida ne da bango ɗaya ke riƙe da shi, bangon ya faɗi.

Akwai wanda lamarinsa ya fi wannan ɗaure kai: sojan da aka ce ya ɓata, ba a ga gawa ba. Babu shaidar mutuwa, don haka babu takaba, babu gado. Matarsa ba ta san ko matar aure ce ko bazawara ba. Akwai wanda ya dawo da ƙafa ɗaya, gona ta gagare shi. Akwai wanda ya dawo jiki garau amma ba ya barci, ƙarar babur ta sa ya zabura. A gida a ce iska ce, a kai shi wajen malam ko 'yan bori, kowa ya yi iya ƙoƙarinsa.

Kowanne cikin waɗannan aikin doka ne, kuma ba doka mai tsada ba. Ana iya wajabta cewa kafin a tura sabon soja daji sai an yi wa aurensa da 'ya'yansa rajista a bariki, ya kuma rubuta da hannunsa waɗanda yake ciyarwa. Ana iya yanka wa'adin da dole a biya magada, a kuma fayyace rabon iyaye ƙarara don kada a bar shi ga ƙarfin baki. Kotun tafi-da-gidanka da ake kaiwa ƙauyuka don yi wa mutane takardu idan zaɓe ko jarrabawa ta ƙarato, ba abin da zai hana a kai ta gidajen da aka yi makokin soja. Irin wannan aiki ba ya hoto, shi ya sa ba ya da masoya.

Wakafi da kuɗin makamai

Shekarar 2020 ta zo da abu biyu. Na farko, gwamnati ta kafa asusun wakafi domin magadan jami'an tsaron da suka mutu a fagen daga. Tunanin ya dace da addinin mutane: a tsayar da dukiya, a riƙa ciyar da marayu da abin da take haifarwa, maimakon jiran kyautar wani. Amma asusu ko nawa ke cikinsa, ta ƙofar takardu ake shigarsa, mun kuwa ga yadda ƙofar take ga matar ƙauye.

Na biyu ya fi ɗaci. Binciken da Katambé ya sa aka yi a ma'aikatar tsaro ya gano kwangilolin da aka lafta wa farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba, tsakanin 2014 da 2019. Rahoton farko ya yi maganar sefa miliyan dubu 76. Daga baya ɓangaren shari'a ya sauko da adadin ƙasa sosai. Labarin ya fasu ne ana cikin jimamin Inates da Shinagodar. Ranar 15 ga Maris 2020 aka yi zanga-zanga a Yamai, mutum uku suka mutu, aka kama jagororin farar hula. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan shekaru majalisa ce ke amincewa da kasafin tsaro, shekara bayan shekara, amma ba daga zaurenta asirin ya tonu ba. Daga cikin gwamnati ya fito, 'yan jarida da ƙungiyoyi suka yayata shi. Gaskiya ne 'yan adawa sun yi magana, gaskiya ne kuma kalmar "sirrin tsaro" tana rufe bakin mai tambaya a ƙasashe da yawa. Duk da haka, depite ɗaya da zai nace a nuna masa kayan da aka saya kafin ya ɗaga hannu ya fi wa matan soja amfani a kan tirela goma ta shinkafa, domin kayan da ba su iso ba, wani ɗan talaka ne ya tsaya a daji babu su.

Barikin da ake roƙo

Akwai inda maganar sansani ba ta da alaƙa da Faransa ko Amurka. Tun 2019 rikicin 'yan bindigar Zamfara da Sakkwato da Katsina ya malalo kudancin jihar Maraɗi. Dubban 'yan gudun hijira suka tsallako, satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa suka addabi Gidan Rumji da Madarumfa da Gabi da kewayen dajin Baban Rafi. Shiyyar tsaro ta 6, mai hedikwata a Maraɗi, ita ke da alhakin yankin, da aikin da aka sa wa suna Farautar Bushiya. Hawan Dawaki da Korgom, a kudancin gundumar Tasawa, ba su da nisa da iyakar jihar Katsina, labarin abin da ke faruwa yamma da su kuwa yana iso musu kowace ranar kasuwa.

A irin waɗannan wurare mutane da kansu ke roƙon a kawo musu sojoji, domin abin da ke gabansu shi ne ko za su kwana a ɗaki, ko shanun huɗa za su kai damina. Mai gari ya gaya wa sarki, sarki ya gaya wa parefe, a da kuma akan haɗa da depite. Sai dai kafa bariki ba girke mota biyu da bindiga ba ne kawai. Idan babu rijiya, sojoji da mata za su haɗu a famfo ɗaya. Idan babu gidajen iyali da lakwal da ɗakin shan magani, soja zai bar matarsa a ƙauye ya yi wata da watanni bai gan ta ba, abin da ke biyo baya kuwa a garin da barikin yake kowa ya sani. Waɗannan ma layuka ne a cikin kasafi, kuma su ne ake fara gogewa idan kuɗi suka gaza.

Yau, ba majalisa

Tun hawan Janar Abdourahamane Tiani mulki bayan kifar da Bazoum, abubuwa suka sauya fasali. A Oktoban 2023 aka kafa asusun taimakon kai da kai don ceton ƙasa, wanda ake zuba wa gudummawar jama'a, aka kuma sa a riƙa cirar masa dala biyu, wato sefa 10, a kan kira da tikitin mota. Ke nan tsohuwar da ke sayen kati don ta ji muryar ɗanta ita ma tana cikin masu biya. A Afrilun 2024 aka rushe zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da sabon kundin mulki na shekara biyar, aka rushe jam'iyyu. A Yunin shekarar aka girka majalisar tuntuɓa mai mambobi 194 ƙarƙashin Dakta Mamoudou Harouna Djingarey. Naɗa su aka yi, shawara suke bayarwa, ba su ke kafa doka ba.

Yaƙin kuwa bai lafa ba. Sojoji 29 a kusa da Tabatol a Oktoban 2023, 20 a Tasiya a Yunin 2024, da wasu bayansu. Kowace sanarwa tana nufin sababbin dosiye.

Wasu na cewa tunda masu kaki ne a kan mulki, iyalan soja sun samu nasu. Mai yiwuwa ne, domin waɗannan manya sun yi zaman bariki, sun binne yaransu da hannunsu. Amma sanin bariki daban, sanin tsakar gidan Mayahi daban. Matar babban hafsa tana Yamai, takardunta cike, ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Kuma duk gazawar tsofaffin depitoci, akwai ranar da ɗayansu zai iya miƙewa ya tambayi minista a gaban kowa, rediyo na ɗauka. Yanzu tambayar ta koma roƙo.

Abin da ya rage a hannun 'yan majalisar tuntuɓa da suka fito daga wannan yanki ƙarami ne, amma na yi ne. Ƙananan hukumomi 7 ne a gundumar Tasawa, 8 a ta Mayahi. Babu mai garin da bai san gidan da aka yi makokin soja a garinsa ba, da matan da aka bari, da yawan yaran. Littafin rajistar aure da haihuwa yana ofishin kantoma, wanda sau da yawa shi ma mai kaki ne. Alƙali yana Tasawa, yana Mayahi. Sai a samu wanda zai zaunar da su ɗaki ɗaya a fitar da jerin sunaye gida-gida, ya ɗauka ya kai Yamai da kansa, bayan wata uku kuma ya koma ya tambayi ofishin da kowane dosiye ya maƙale.